Takwaranka da wasan ƙanƙara

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya Hajiya da jiki, ya yara? Wata huɗu ba amo ba labari, ka yi haƙuri. Kai ma ai sai dai ka aiko gaisuwa ta bakin mutane kamar wani hakimi.

Takwaranka ne ya sa na ɗauki biro. Yaron nan ya zauce a kan hokin ƙanƙara. Ran Asabar na kai shi Duluth, nan kusa da mu a Atlanta, kallon Gladiators, ƙaramar ƙungiya ce. Da ka ga yadda ya manna goshi a jikin gilashi, 'yan wasa na giftawa kan takalma masu kaifin aska, ƙanƙara na tashi kamar garin tuwo! A mota ya tambaye ni don me Atlanta ba ta da ƙungiya a NHL, babbar gasar hokin Amurka da Kanada.

Maƙwabcinmu, wani dattijo haifaffen garin, shi ya warware mana. Sau biyu ana ba Atlanta, sau biyu Kanada na ɗaukewa. Flames sun fara a 1972 a filin Omni, sunan kuwa daga wutar da sojojin Janar Sherman suka cinna wa garin a 1864, lokacin yaƙin basasar Amurka, ne. Kuɗi suka ƙi shigowa, a 1980 aka sayar da su Calgary. Ko sunan ba a canja ba, kuma a 1989 suka ɗauki kofin Stanley, babban kofin gasar, a can. Sai Thrashers a 1999. Ga Kovalchuk ɗan Rasha a hannunsu, amma sau ɗaya tak suka kai zagayen neman kofi, a 2007, Rangers na New York suka cinye su sau huɗu a jere. A 2011 aka kwashe su zuwa Winnipeg.

Masu cewa zafin kudu ne ya kashe su, ban yarda ba. Tampa ta fi mu zafi, ga ta da kofi uku. Masu Thrashers ne suka ɓata shekaru suna maka juna a kotu.

Dattijon ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohuwar rigar Thrashers, shuɗiya, wuyanta duk ya koɗe, ya miƙa wa yaron. Har gwiwa take kai masa. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Yanzu dai ya dage sai ya koya. Kayan da tsada, uwarsa kuma haƙoransa take ji, ni na rasa ta cewa.

Af, wai da gaske ne ƙaninka zai ƙara aure bayan salla? Ka kira ni ran Juma'a in ji daga bakinka.

Naka har kullum.