Ruwan batir ba maganin tsatsa ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin manoma, kafintoci da makanikai na nan Sakkwato kan tsoma kayan aiki masu tsatsa cikin ruwan batir. Yana cin tsatsa kam, amma yana haɗawa da lafiyayyen ƙarfen ya bar shi da ramuka, ga ƙuna a fata, ga makanta in ya fantsama a ido.

Ruwan khal na girki, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ya wadatar. A fara wanke maiƙo da kananzir, don tsami ba ya ratsa mai. A cire ƙota, domin itace in ya sha ruwa kumbura yake yi, in ya bushe gatari ya riƙa girgiɗi. Sai a nutsar da ƙarfen gaba ɗaya cikin bokitin roba na awa 12 zuwa 24. Duk inda ya leƙo sama, layi zai fito daidai bakin ruwan. Wanda bai da khal ya jiƙa tsamiya da kauri, sai dai ita takan kai kwana biyu ko uku. Zarto da magagari a riƙa duba su, haƙoransu ba sa jure daɗewa. In an tsamo, baƙin daddauɗan da ke kai burushin waya ke fitar da shi.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan nan. Ƙarfen da ya fito daga tsami tsirara yake, kafin a yi sallar la'asar ya sake yin ja. A jiƙa kanwa cokali biyu a lita ɗaya ta ruwa, a bar shi ciki minti 10 don kashe tsamin, a ɗauraye, a goge, a shanya a rana nan take. Filaya da almakashi sukan ɓoye ruwa a gaɓarsu, sai an ɗiga mai ana buɗewa ana rufewa har jan ruwa ya daina fita. Sauran a shafa musu man inji kaɗan. Wuƙar yanka nama kuwa man gyaɗa.

Masu kai adda injin wasa su lura: da zarar baki ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi, sai an koma wurin maƙera a unguwar Maƙera Assada an sake ba ta ruwa, wato a gasa ta a tsoma a ruwa don taurin ya dawo.

Kuma don Allah a daina jingine fartanya da lauje jikin buhun takin zamani, musamman a watan Agusta. Taki na jawo danshi. A kafa ƙusa a rataye su.

Naka,
Wani maƙeri, Sakkwato