Godiya ga ma'aikatan gidan waya na Kano, masu nemo gidan da ba shi da lamba

Zuwa ga Shugaban Gidan Waya na Kano da dukkan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki, na rubuto wannan takarda ne a bainar jama'a domin in gode wa ma'aikatanka, musamman masu raba wasiƙu a cikin birni. Ni tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya. Tun ina koyarwa zaurena ya zama matattarar wasiƙun mutanen lungunmu, saboda ni ake kawo wa takarda in karanta, ni ake zuwa wa in rubuta amsa. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinta ba. An ce yaba kyauta tukwici, mu kuwa mun daɗe muna karɓar kyautar ba mu ba da tukwicin ba.

Duk wanda ya san cikin ganuwa ya san cewa abin da ake rubutawa a bayan ambulan da abin da ke ƙasa sun sha bamban. Lungunanmu da yawa ba su da suna, in ma suna da shi to a bakin mutane yake, ba a jikin allo ba. Ƙofar gida ɗaya sai ka tarar da lamba uku ko huɗu a jikinta: wadda masu ƙidaya suka bari, wadda masu wutar lantarki suka rubuta, da alamar allin masu rigakafi, kuma maigidan kansa bai san wacce ce tasa ba. Sababbin unguwanni na awon igiya da ke bayan gari kuwa, nan ba a magana, gidaje sun riga titi zuwa. Shi ya sa mai aiko da wasiƙa yake rubuta abin da ya iya tunawa: bayan masallacin Juma'a, daura da injin markaɗe, gidan da ke da darbejiya a ƙofa. Wataƙila rabonsa da garin shekaru ne, an sare darbejiyar, mai injin ya tashi. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Kafin aikin nan ya kai kowane lungu, masu raba wasiƙunku ne ke cike gurbin da ƙafarsu da bakinsu.

Na daɗe ina lura da yadda mai raba wasiƙun shiyyarmu yake aikinsa. Kafin ya fito ya riga ya jera takardun bisa hanyar da zai bi, ya ɗaure kowane lungu daban da roba, waɗanda adireshinsu ya rikice kuma ya ware su gefe guda a aljihun jakar. Waɗannan na gefen su ne aikin. Ba ya tambayar duk wanda ya ci karo da shi a hanya. Yana da mutanensa: ladanin masallaci, mai shayin bakin titi, wanzami, mai unguwa, sai kuma 'yan garuwa. Da na tambaye shi dalilin tsayawarsa wajen 'yan garuwa, sai ya ce, "Malam, ai babu gidan da ba sa kai ruwa. Sun san wanda ya tare jiya, sun san wanda ya tashi." Matambayi ba ya ɓata, amma sai wanda ya san wa zai tambaya.

Abin da ya fi wahalar da su, a ganina, shi ne suna. A takarda sunan yanka ake rubutawa da na uba, unguwa kuwa laƙabi ta sani. Mutum ya tsufa ana ce masa Ɗanlami ko Babangida ko Abba, maƙwabcinsa na jikin katanga bai taɓa jin sunansa na gaskiya ba. Mata ma haka, ana kiransu da sunan 'ya'yansu, ga kuma alkunya da ke hana uwa faɗin sunan ɗanta na fari ko da an tsare ta da tambaya. Ta wani gefen kuma sai ka samu mutum biyu ko fiye a lungu ɗaya masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Mai raba wasiƙun shiyyarmu ya taɓa kawo irin wannan a zaurena. Da wani ne, sai ya miƙa wa na farkon da ya amsa sunan ya kama gabansa. Shi sai ya juya ambulan, ya duba hatimin da aka buga a kan kan sarki, ya ga daga Fatakwal ta fito, ya ce mini, "Malam, a cikin su wa ke da ɗan'uwa a kudu?" Muka gano cewa ɗaya daga cikinsu yana da ƙane da ke fataucin albasa a can. Duk da haka bai bayar ba sai da aka kira mutumin, ya faɗi sunan ƙanen, ya dace da wanda ke bayan ambulan.

Sai maganar shiga gida. Gidajenmu da yawa na kulle ne, wasu har da rubutun "ba a shiga" a bango. Ban taɓa ganin ma'aikacinku ya ƙetare zaure ba. Zai yi sallama, ya ja gefe, ya aiki yaro ya ce a faɗa wa Hajiya ga saƙo daga gidan waya. In wasiƙar gama-gari ce, shi ke nan. In ta rajista ce, wadda dole mai ita ya sa hannu, to zai jira komai daɗewa har matar ta yafa mayafi ta zo bayan ƙyaure, ya miƙa littafin ta sa hannu, in ba ta rubutu ya buɗe tawada ta dangwala. Na ga ƙanen miji ya yi ta haƙilo wai a ba shi zai kai mata, har da ɗaga murya. Ma'aikacin nan bai ɗaga tasa ba, cewa kawai ya yi, "Yi haƙuri Alhaji, sunanta ne a kai, hannunta aka ce in saka." A lokacin wasu sun ga kamar taurin kai ne. Ni kuwa na san mata nawa ne takardunsu na gado ko na makaranta suka salwanta a hannun 'yan aike na cikin gida, don haka na ga hikimar wannan tsari, na kuma ga ƙimar wanda ya tsaya a kansa.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Wani maƙwabcinmu, tsohon ma'aikaci, ya daɗe yana jiran takardar da ta shafi kuɗinsa na sallama, kullum in ya ga mai wasiƙa sai ya tare shi da tambaya. Allah ya yi masa rasuwa, takardar kuma ta iso ana cikin zaman makoki. Mai wasiƙa ya shawo kwana ya ga tabarmi a ƙofar gida. Ya kafe babur ɗinsa nesa, ya cire takalmi, ya zauna cikin mutane aka yi addu'a da shi, ya yi wa 'ya'yan gaisuwa. Bai fito da ambulan a wurin ba. Da ya tashi sai ya yafito ni gefe ya faɗa mini abin da ke tafe da shi, ya ce zai mayar da ita ofis a adana, in an share makoki babban ɗan ya je da shaidar da ta kamata. Haka aka yi. Da yaron ya je, ma'aikaciyar da ke kan kanta ta zaunar da shi ta yi masa bayanin abin da ake bukata dalla-dalla, ba a sa shi sintiri ba. Wannan takarda ita ta buɗe wa marayun hanyar karɓar haƙƙin mahaifinsu. Babu dokar aiki da ta ce ma'aikaci ya zauna a tabarmar makoki. Tarbiyya ce, kuma ina so ka san kana da masu irin ta a ƙarƙashinka.

Damina kuwa kowa ya san yadda lungunan birni ke zama a watan Agusta, kwata ta cika ta haɗe da hanya, babur ba ya shiga. Nan za ka ga mai wasiƙa ya naɗe ƙafar wando, jaka a ka, wasiƙun a ƙulle cikin leda biyu. Shi ya jiƙe sharkaf, takardar mutane a bushe. Da bazara rana ta gasa shi, da hunturu ƙura ta rufe shi.

Na san akwai masu cewa gidan waya ya zama tarihi. Mu da muka ga jiya mun fahimci abin da ke sa su faɗin haka. Mun ga zamanin P&T, lokacin da wasiƙa da tangaraho da tarho duk a hannun ma'aikata ɗaya suke, kafin a raba su a 1985, NIPOST ta ɗauki wasiƙu, NITEL ta ɗauki tarho. Mun yi layin sayen kan sarki, mun aika kuɗin jarrabawa da fosta oda, mun aika katin gaisuwa gidan rediyon Kaduna, mun rubuta wa sashen Hausa na BBC muna kasa kunne ko za a karanto sunanmu. Da wayar salula ta shigo a 2001 sai wasiƙar gaisuwa ta ja baya, yau kuma WhatsApp ya ƙarasa ta. Wannan gaskiya ne. Amma takardar shaidar kammala karatu ta asali ba ta bi ta cikin waya, haka sammacin kotu, haka littafi, haka kayan da matasanmu ke saye ta intanet daga China. Wasiƙun sun ragu, amma waɗanda suka rage su ne waɗanda ɓatansu ke durƙusar da mutum. Har gobe akwai makarantun Islamiyya da masallatai da akwatin gidan waya guda ɗaya yake ɗaukar saƙon unguwa sukutum, ana rubuta "ta hannun Liman" ko "ta hannun Hedimasta".

Ɗan wata maƙwabciyata ya yi karatu a Masar, aka aiko da takardunsa bayan ya dawo gida. Abin da ke jikin ƙunshin shi ne sunansa na yanka, sunan unguwa, Kano, Najeriya, sai lambar wayar da ya daina amfani da ita tun kafin ya tafi. Da an mayar da shi inda ya fito, babu mai ganin laifin kowa. Amma ma'aikatan suka yi ta kiran lambar ba ta shiga, suka ba mai raba wasiƙu takardar sanarwa, shi kuma ya bi masallatan unguwar yana tambayar wane yaro ne ya dawo daga karatu a ƙasar Larabawa, har wani ladan ya nuna masa gidan. Yaron ya je da katin shaidarsa ya karɓo, da takardun nan ya samu aikin koyarwa. Na taɓa gaya wa ɗalibaina cewa tun 1874 ƙasashe suka kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a birnin Bern na Suwizalan, suka amince cewa saƙon da aka saka a wata ƙasa, gidan wayar ƙasar da aka nufa zai ƙarasa da shi. A aji magana ce ta littafi. A lungunmu na ga inda wannan yarjejeniya take ƙarewa, wato a ƙafar mutum guda da ke bin masallatai da takarda a hannu.

Ba zan bar masu zama a kan kanta ba. Su ne ke auna ƙunshi, su gyara wa tsoho adireshin da ya rubuta a birkice, su nuna wa mutum lambar da zai riƙa bibiyar kayansa da ita, su kuma yi wa wanda ƙunshinsa ya zo daga waje bayanin cewa sai jami'an kwastan sun duba kafin a sallama masa. Kwanaki wani saƙon 'yan damfara ya yi ta yawo a wayoyin mutane, wai kana da kaya a gidan waya, ka tura kuɗi wani asusu a sako maka. Wata dattijuwa a lungunmu saura ƙiris ta tura, jikanta ya ce su fara zuwa ofis. Ma'aikacin da suka samu ya duba littafi ya ce, "Hajiya, ba ki da kaya a nan, kuma kada ki tura wa kowa ko sisi. Duk abin da za a biya, a nan ake biya a ba ki rasit." Ta dawo tana ta sa masa albarka.

Saƙo kan yi jinkiri wani lokaci, amma mafi yawan waɗanda suka biyo ta zaurena a makare, in ka duba ambulan za ka ga daga hannun mai rubutun matsalar ta faro. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana masu karanta wannan takarda da mu rage wa bayin Allahn nan wahala. A rubuta cikakken suna, a haɗa da laƙabin da unguwa ta san mutum da shi. A sa sunan unguwa da wata alama da ba ta tashi, kamar masallaci ko makaranta, da lambar waya mai aiki. A sa lambar shiyya ta gidan waya mai alƙaluma shida, ta cikin birnin Kano da 700 take farawa, in ba a san sauran ba a tambaya a gidan waya. A kuma rubuta adireshin mai aikowa a baya, domin in an rasa mai saƙo a san inda za a mayar. Shugabannin ƙananan hukumomi su ma ina roƙonsu da su dubi maganar sunan titi da lambar gida, amfaninta bai tsaya ga wasiƙa ba, motar asibiti da ta kashe gobara ma suna bukata.

Ranka ya daɗe, ranar 9 ga Oktoba ce aka ware wa gidajen waya a duk duniya. In kun taru a ranar, ina roƙon alfarmar a karanta wa masu raba wasiƙu da masu tantance su da masu zama a kanta wannan takarda, a gaya musu mutanen cikin birni suna gaishe su. Allah ya tsare su a kan hanya, ya sa albarka a abin da suke samu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin tsofaffin ma'aikata, kai kuma ya taya ka riƙo.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
daga cikin birnin Kano.