Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Babagana Umara Zulum Kan Iyalan Da Ake Mayarwa Gida

Mai Girma Gwamna, assalamu alaikum. Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙo.

Ni malamin makaranta ne a nan Maiduguri, kuma da yawa cikin yaran da ke zaune gabana a aji 'ya'yan waɗanda suka gudo ne daga Bama da Gwoza da Dikwa da Kukawa saboda rikicin Boko Haram. Saboda su da iyayensu na ɗauki alƙalami. Ba zan tsaya yi maka kirari ba, masu yi sun yi yawa, amma ko maƙiyinka ya san ba daga cikin ofis kake mulki ba. An buɗe wa ayarinka wuta a yankin Baga a 2020, bai hana ka komawa ba. Da kai aka yi jana'izar manoman shinkafar Zabarmari da aka yi wa yankan rago a Koshebe cikin Nuwamban shekarar. Tun kana kwamishinan sake gina garuruwa da tsugunar da jama'a a zamanin Kashim Shettima kake cikin wannan aiki. Don haka abin da zan faɗa ba baƙo ba ne a kunnenka.

A watan Oktoban 2021 ka sanar da cewa za a rufe sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri kafin shekarar ta ƙare. Aka rufe Bakassi, aka rufe Stadium da Teachers Village, daga baya Dalori ta biyo. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 140,000 aka fitar daga sansanoni 8 tsakanin Mayun 2021 da Agustan 2022. Hujjarka ita ce zaman sansani yana kashe zuciya, mutum ba zai dawwama a layin karɓar abinci ba. A nan ban ja da kai ba. Duk wanda ya shiga Bakassi ya ga dattijon da a garinsu rumbunsa ke ciyar da gida guda, yau ga shi tsugune da kati a hannu yana jiran yaron da bai kai sa'an jikansa ba ya kira lambarsa, ya san wannan ba rayuwa ba ce.

Inda nake da magana, ranka ya daɗe, shi ne gidan da tsarin komawar yake lissafi da shi. Gidan 2014 ne, na kafin a yi gudun hijira: magidanci da matarsa da 'ya'yansa da gonarsa. A ba shi ɗaki biyu da kayan abinci da kuɗin da ke tsakanin naira 50,000 da 100,000, a sa su a mota, shi ke nan an mayar da su. To amma a gidaje da yawa magidancin nan babu shi, kuma babu wanda zai iya rantsuwa ya ce ya mutu.

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, mutuniyar Bama, da ɗinkin hula take ciyar da 'ya'yanta. Kullum ka wuce ƙofar gidan da suke haya za ka same ta a kan tabarma, allura a hannu, zare a baki, idanunta sun fara gajiya. Rabonta da mijinta tun ranar da aka ware maza gefe guda a wurin tantancewa, aka ce da matan su wuce gaba. Ba ta yi takaba ba, don ba a kawo mata labarin mutuwa ba. Ba ta yi aure ba, don ba a sake ta ba. 'Yan'uwan mijin sun hana a taɓa gonarsa, sun ce mai abu yana nan da rai. Babbar 'yarta ta isa aure, aka yi ta kai-komo kan wanda zai zama waliyyi. In ka tambaye ta abin da take so, ba ta cewa a ba ta gida. Cewa take yi, a gaya mini ko yana raye.

Irinta ba ɗaya ba ce, ba ɗari ba ce. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta rubuta sunayen sama da mutum 20,000 da suka ɓace a Najeriya, akasarinsu saboda wannan yaƙin, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da suka ɓace. Wannan waɗanda danginsu suka samu hanyar kai rahoto ke nan. Wasu 'yan Boko Haram ne suka tafi da su daji, wasu sun faɗi a hanyar gudu, wasu kuma jami'an tsaro ne suka kama su. Matan Bama da suka haɗa ƙungiyar Knifar sun shafe shekaru suna neman a faɗa musu inda mazajensu suke, barikin Giwa ne ko Kainji ko kabari. An sako wasu, mun gode. Sauran fa?

Addininmu bai bar wannan mas'ala haka nan ba. Ɗalibin da ya karanta Risala ya san hukuncin matar wanda ya ɓace a mazhabar Malikiyya: ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, in ba labari ta yi idda irin ta mamaci, sannan ta yi aure in tana so. Dukiyarsa kuma ba a raba ta sai an kai shekarun da sa'o'insa ba sa wuce su a raye. Malamai sun fi ni sanin rassan hukuncin, musamman wanda ya ɓace a lokacin fitina. Amma dubi sharaɗin farko: a kai ƙara, a bincika. Wace mace ce da ke neman na masara da allura za ta iya kuɗin kotu? Kuma wane alƙali ne zai rubuta wa barikin soja takarda a amsa masa? Wannan aikin gwamna ne. Kai ne kake zama da kwamandan Operation Hadin Kai, rundunar da ke yaƙi da Boko Haram, a teburi ɗaya. Ka nemi a fitar da sunayen waɗanda ke tsare da waɗanda suka rasu a tsare, a haɗa da na waɗanda suka fito daga daji, a buɗe rajista guda ta jiha wadda bulama da lawan za su taimaka wajen cika ta gari-gari. Sannan Babban Alƙalin Alƙalai na jiha ya ware zama na musamman, kyauta, don auren waɗannan mata da gadon marayunsu. Kiristocin Gwoza da Chibok da Askira su ma a duba nasu a kotunan da suka dace da su.

Sai maganar yara, inda nake da ɗan sani. Yaron da aka goyo daga Bama ranar da garin ya faɗi a Satumban 2014 yanzu ya kusa zama saurayi, yayyensa kuma sun isa aure. Ba su san garin ba sai a bakin kaka. Hausar titin Maiduguri ta fi kama bakinsu fiye da harshen iyayensu, sun san tura baro a Kasuwar Monday da shagon cajin waya da Keke Napep, amma ba su taɓa riƙe fartanya damina guda ba. In uba ya ce a tattara a koma, ɗa ya ce ya koma ina? Na ga gidan da ya rabu biyu a kan wannan: tsofaffi suka bi mota, samari suka zauna a kango a bayan gari. 'Yan mata ma sun ɗanɗani makaranta, wasu su ne na farko a zuri'arsu da suka iya rubuta sunansu. Ka gina manyan makarantu, ba mai musu, amma gini ba ya koyarwa, kuma malami ba ya kwana inda yake tsoron wayewar gari. Iyaye mata kuwa da suka shekara goma su ne masu nemo abinci, kada a zaci za su koma a ce musu ba su da ta cewa a rabon fili.

Ambaliyar da ta biyo fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 ta tona wani abu. Da ruwa ya ci gari, Bakassin da aka rufe ita aka sake buɗewa, kuma cikin waɗanda suka cika ta akwai mutanen da a takarda an riga an mayar da su ƙauyukansu. Ba su tafi ba, ko sun tafi sun dawo. Rufe sansani ya cire su daga lissafi ne kawai. Wanda ya zaɓi zama a Maiduguri ɗan Borno ne kamar kowa, a ba shi damar fili da sana'a a nan, ba sai ya ɓoye kansa ba.

Me ya dawo da su? Ka fi ni sani, don da bakinka ka faɗa a Afrilun 2025 cewa Borno tana neman komawa baya a harkar tsaro. Garin da aka kewaye da rami, ba a noma sai ɗan tazarar da soja ya yarda, mutum ko dai ya zauna da yunwa ko ya ƙetara ya sayar da ransa. Matan da aka sace a wajen Gamboru Ngala a farkon 2024 itace suka je nema. Manoma aƙalla 40 aka kashe a Dumba kusa da Baga a Janairun 2025. Darul Jamal kuwa, inda aka hallaka sama da mutum 60 a Satumban 2025, gari ne da ba a daɗe da mayar da mutanensa ba. Waɗanda ke sansanin Minawao a Kamaru da na Diffa da na Chadi suna jin waɗannan labarai kafin motar da za ta kwaso su ta iso.

Batun tubabbu shi ne wanda mutane ke yi ƙasa-ƙasa. Tun bayan mutuwar Shekau a Mayun 2021 dubban mutane suka fito daga daji, kuma gaskiya ne mafi yawansu mata ne da yara da manoman da aka tsare da ƙarfi, ba mayaƙa ba. Ban ce a ƙi karɓar su ba. Yaƙin da ba a buɗe wa mai son ajiye makami ƙofa ba, ba ya ƙarewa. Amma ka sa kanka a matsayin matar da ta ga wanda ya yanka mijinta ya dawo daga cibiyar gyaran hali ta Malam Sidi a Gombe ko sansanin alhazai na Maiduguri da takardar shaida da kayan sana'a, ita kuwa ko gaisuwar ta'aziyya ba wanda ya zo ya yi mata. An ce ta yafe. Yafiya ba a karɓar ta da umarni, sai mai laifi ya tsaya gaban wanda ya zalunta ya amsa abin da ya yi. Kuma waɗannan mutanen sun san inda aka binne wasu, sun san wanda ya mutu a Sambisa da wanda aka kai tsibiran tafkin Chadi. Kafin a sallami kowane tubabbe, a zaunar da shi a tambaye shi sunayen da ya sani, a shigar cikin rajistar da na ambata. Ko ba komai, wata uwa za ta samu ta yi wa ɗanta sadakar uku.

Akwai kuma jariran da aka haifa a daji, waɗanda yanzu sun isa shiga aji ɗaya. Na ji yara suna tsokanar ɗayansu da sunan da ba zan rubuta ba, ya koma bayan aji ya kifa kai a kan benci har aka tashi. Ba shi ya zaɓi ubansa ba. Suna bukatar takardar haihuwa ba tare da an titsiye uwa da tambayar da za ta tozarta ta ba, kuma suna bukatar limamai su faɗa a kan mumbari cewa ɗa ba ya ɗaukar laifin uba.

Wa'adinka zai ƙare a watan Mayun 2027, ranka ya daɗe. Gidajen da ka gina a Ngarannam da Auno da sauran wurare wanda zai gaje ka zai iya ƙara wasu a kansu. Rajistar ɓatattu kuwa in ba a fara ta yanzu ba, tsofaffin da suka riƙe sunayen a ka suna ta tafiya, shaidu kuma suna watsewa. Ina roƙon ka aika wa majalisar dokokin jiha ƙudurin da zai kafa ta da doka, da kasonta a cikin kasafin kuɗi, don kada ta mutu ranar da ka sauka.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta, Maiduguri