Wasiƙa daga Gusau: Wuni ɗaya a Zariya

Zuwa ga aminina Malam Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da Hajiya Rabi da yara, ina neman afuwa bisa shirun da na yi tun bayan Babbar Sallah. Maganar da ke tafe da ni ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka takarda har Fatakwal.

Ɗiyarka Hafsatu ta samu gurbin karatun aikin gona a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma tun ranar da sunanta ya fito gidanmu ya rabu biyu. Inna ta ce ga jami'ar tarayya nan Gusau a bakin ƙofa tun 2013, ba ta ga dalilin da zai sa yarinya ta riƙa bin hanyar Funtuwa a wannan zamani ba. A raina ina tare da Inna, amma na ƙi yanke hukunci a kan wurin da rabona da shi ya fi shekara goma, sai na ce wa Hafsatu ta shirya mu je mu gani mu dawo a wuni ɗaya.

Ba mu yi sammakon da muka saba yi a zamaninmu ba. Sai da rana ta fito sosai, motoci suka fara bin juna, sannan direba ya tashi. Daga Kwatarkwashi zuwa Tsafe ana ɗan taɓa hira, amma tsakanin Tsafe da 'Yankara motar ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar carbin wani dattijo da ke gaba. Da muka bar Funtuwa aka koma ciniki da dariya, muka wuce Giwa, muka ga asibitin koyarwa a Shika, ƙarfe goma da rabi muna Samaru.

Malam Bello, bishiyoyin nan suna nan, ginin majalisar jami'a yana nan tsaye ana hango shi daga nesa, kuma ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, inda kake zuwa kama kujera da littafi ka tafi cin wake da shinkafa, har yanzu cike yake da ɗalibai. Na fara ba Hafsatu tarihin wurin sai na tarar ta riga ni. Ita ta tuna mini cewa an buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, cewa Sardauna ne uban jami'a na farko, kuma wani Bature daga ƙasar Niyuzilan, Norman Alexander, shi ya fara shugabantar ta kafin Ishaya Audu ya karɓa a 1966.

Niyyata mu leƙa tsangayarsu mu wuce cikin birni, amma ta roƙe ni mu shiga Cibiyar Binciken Aikin Gona, kuma a nan ne tafiyar ta sauya. Wani ma'aikaci mai kirki ya zagaya da mu gefen gonakin gwaji, inda kowace kunya take da ɗan allo mai lamba. Ya bayyana mana cewa irin da cibiyar ta fitar sunansa yana farawa da SAM, wato Samaru: masara SAMMAZ, dawa SAMSORG, gyaɗa SAMNUT, auduga SAMCOT, wake kuma SAMPEA. Hafsatu ta durƙusa, hijabinta na jan ƙasa, ta juya ganyen wake tana duba bayansa, sannan ta tambaye shi game da SAMPEA 20-T, irin da aka fitar a 2019 wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta yi masa ɓarna. Mutumin ya dube ni ya ce, "Alhaji, wa ya koya mata wannan?" Ita ta amsa, ta ce tana ƙarama ta ga kakanta ya zauna a bakin gona ya rasa abin cewa, shekarar da tsutsa ta cinye waken gaba ɗaya.

Ka san gonar, ka ci ɗanyar gyaɗarta. Damina uku ke nan ba mu iya zuwa mu noma ta ba saboda 'yan bindiga. Ban taɓa sanin yarinyar tana riƙe da wannan gona a zuciyarta ba sai ranar, kuma na ga cewa ba sha'awar barin gida ce ta sa ta zaɓi Samaru ba.

Lokaci ya ƙure mana, don haka cikin birni a gurguje muka yi shi. Mun ratsa ta Kwalejin Barewa, wadda aka dawo da ita Zariya a 1949, da kamfanin Gaskiya, inda na gaya mata cewa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. Muka shiga ta Ƙofar Doka zuwa ƙofar fada. Na ba ta labarin masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina da ƙasa a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da yadda wani sashensa ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023, muka yi wa waɗanda suka rasu addu'a. A hanyar komawa tasha mun tsallaka layin dogo, shi ne wanda ya bi ta Gusau ya kai Kauran Namoda a 1929, kuma na yi ta tunanin cewa da jirgin yana zirga-zirga kamar da, da rabin damuwar Inna ta kau.

Ƙarfe biyu da rabi muka baro Zariya, Allah ya kawo mu gida kafin magariba. Da dare na shiga ɗakin Inna na ba ta labarin ganyen waken tiryan-tiryan. Ta daɗe ba ta ce komai ba, domin mijinta ne mai gonar, sannan ta ce ta amince bisa sharaɗi biyu: na farko, yarinyar ba za ta riƙa zuwa gida ba sai hutu ya yi tsawo, kuma ni zan kai ta in ɗauko ta; na biyu, dole a samu babbar mace a can wadda za ta zame mata uwa.

Sharaɗi na farko na ɗauka. Na biyun ne ya sa na tuna da Yaya Asabe. Idan har yanzu tana Samaru, ina roƙon ka yi mata magana kafin ni in kira ta, domin nauyi ne babba, kuma ba na son ta amsa saboda kunyata. Rajista ta kusa, saboda haka ina sauraron amsarka cikin makon nan.

Hafsatu da mahaifiyarta suna gaishe ku, Inna kuma ta ce a tambaye ka ciwon ƙafar.

Naka amini,
Sani Gusau