Wasiƙa ga Iyaye: Abincin 'Yan Katun ɗin Japan da Darasin Adabi na Wannan Zango

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibanmu. Ya gida, ya hidimar yara? Allah Ya saka da alheri.

Da yawanku kun yi mana maganar katun ɗin Japan da ake kira anime, wanda yaranmu suka shaƙu da shi a waya da talabijin. Damuwarku tana kan hanya, domin ba kowanne ne ya dace da yaro ba. Sai dai malamanmu na adabi sun hango amfani guda a cikinsa, za su kuma yi aiki da shi a wannan zango wajen koyar da yadda marubuci ke fito da halin tauraron labari. Masu tsara waɗannan katun sukan bar kwanon abinci ya faɗi halin mutum tun kafin shi ya buɗe baki.

Ku tambayi ɗanku abincin Naruto, nan take zai ce ramen, wato taliya cikin romo. Masashi Kishimoto ne ya fara zana labarin a 1999, aka mayar da shi katun a 2002. Naruto maraya ne da mutanen garinsu ke gudu, saboda dodon da aka kulle a jikinsa ya taɓa yi musu ɓarna. Shagon taliyar Ichiraku na cikin 'yan wuraren da ake yi masa maraba. Malaminsa Iruka, wanda dodon nan ne ya kashe iyayensa, shi ke kai shi can ya saya masa kwano, su zauna kafaɗa da kafaɗa. To kun ga abin da yaron ke nema a shagon ya wuce ƙoshi. Wanda zai zauna kusa da shi yake nema.

A labarin One Piece na Eiichiro Oda, wanda ya fara fitowa a 1997, Luffy, jagoran wasu 'yan fashin teku, nama kawai ya sani, yana ci hannu baka hannu ƙwarya, kuma haka halinsa yake, babu ɓoye-ɓoye. Amma Sanji mai dafa musu abinci ya fi jan hankalinmu. Yana yaro ya shafe kwana 85 a kan wani dutse a tsakiyar teku, yunwa ta kusa kashe shi. Tun daga nan ba ya yarda a zubar da ko loma ɗaya, ba ya kuma hana mayunwaci abinci ko da maƙiyi ne. Ya taɓa ciyar da wani ɗan fashin teku mai suna Gin bayan an jefo shi waje don ba shi da kuɗi. Mun so a ce yaran da ke barin rabin abincinsu a ƙarƙashin benci lokacin tara sun lura da wannan kamar yadda suke lura da faɗan da ake yi.

Fim ɗin Spirited Away na Hayao Miyazaki, wanda ya fito a 2001 ya kuma ci kyautar Oscar a 2003, ya nuna ɗaya fuskar. Iyayen yarinya Chihiro sun tarar da abinci jibge a rumfa babu mai shi, uban ya ce ai yana da kuɗin biya, suka hau ci har suka rikiɗe suka zama aladu. Ita ta ƙi taɓawa. Daga baya, da wani yaro mai suna Haku ya miƙa mata curin shinkafa, tana ci tana kuka, domin sai a lokacin ta samu mai tausaya mata.

Abu biyu muke roƙo. Na farko, ku riƙa duba abin da yara ke kallo. Akwai irin su Death Note, inda jami'in bincike mai suna L ba ya rabuwa da kayan zaƙi, amma labarin kisa ne, bai dace da ƙanana ba. Haka kuma ku sanar da su cewa a Japan sau da yawa da ƙashi da naman alade ake haɗa romon ramen, don kada sha'awa ta kai su ga sayen taliyar waje ba tare da duba abin da aka rubuta a jikin leda ba.

Na biyu, aikin gida. Kowane ɗalibin ƙaramar sakandare zai rubuta shafi ɗaya a kan wani tauraro, abincin da yake so, da wanda yake ci tare da shi, da abin da hakan ke nunawa game da halinsa. Wanda ba ya kallon katun ya ɗauki tatsuniya, Gizo da kwaɗayinsa ma sun isa. Za a karɓi aikin ranar Litinin ta makon gobe, da sa hannun uba ko uwa ko mai riƙo.

Wassalam,
Hukumar Makaranta