Zuwa ga 'yar'uwar da hannunta ke tafi, zuciyarta na ƙuna

'Yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Takardarki da aka karanta a taron Zumuntar Mata ba ta da suna, kuma ba sai na san sunan ba. Kin ce shekararki 9 a ɗakin miji ko ɓari ba ki taɓa yi ba, ƙanwarki da kika goya ta haifi na uku, kuma duk Lahadi in aka miƙe ba da shaida, hannunki na tafi amma zuciyarki na ƙuna. Kika tambaye ni ko mai jin haka Kirista ce. Lokaci ya ƙure mana ranar, shi ya sa nake amsa miki a rubuce.

I, Kirista ce ke. Wadda hassada ta gama cinyewa ba ta rubuta irin takardarki. Amma ba zan shafa miki mai a baki ba: zafin rashi daban, jin haushin mai samu daban, kuma tsakaninsu taku ɗaya ne. Na farkon ba zunubi ba ne. Na biyun shi ya fitar da Kayinu da Habila zuwa saura, ɗaya ya dawo.

Buɗe Farawa sura 30. Rahila ta ga yayarta Lai'atu da 'ya'ya maza huɗu, kishi ya kama ta, ta tasa mijinsu Yakubu a gaba: ko ya ba ta 'ya'ya ko ta mutu. Ya fusata, ya ce shi ba Allah ba ne. Abin da Rahila ba ta duba ba, ita Lai'atun da kuka take kwana, don mijin bai ƙaunace ta kamar ƙanwarta ba. Sunayen da ta raɗa wa 'ya'yanta na fari ma roƙon ƙaunar miji ne. Kowacce na hangen abin da ke hannun 'yar'uwarta. Ƙanwarki ma, abin da ta faɗa a gaban ikkilisiya kika ji, ba ki ji wanda ta bari a gida ba.

Hannatu ta fi kusa da ke. Ga kishiya Feninna tana tsokanarta kowace shekara in sun hau Shilo, ga mijinta Elkana da irin lallashin maza, wai shi bai fi mata 'ya'ya goma ba? Ba ta rama wa kishiya ba, ba ta kuma yi kamar ba komai. Ta je ta zube gaban Ubangiji, leɓunanta na motsi ba murya, har Eli firist ya ɗauka buguwa ta yi. Ki lura da 1 Sama'ila 1:18: ta tashi ta ci abinci, fuskarta ta sake, alhali ba ta yi ciki ba tukuna. Asaf ma a Zabura 73 ya faɗi ƙarara cewa ya yi ƙyashin masu wadata, ƙafarsa ta kusa zamewa, sai da ya shiga Haikali hankalinsa ya dawo. To ki kai ƙarar inda suka kai tasu, da kalmomin da ke ranki, ba waɗanda kike ganin sun dace da coci ba. Rigimarki da Mai bayarwa ce, ƙanwarki ba ta ɗauki rabonki ba.

Ba zan ce miki baɗi war haka za ki goya ba. Masu faɗin haka a kan bagadi suna da yawa, wasu har da ambulan, amma Allah bai aiko ni da wannan saƙon ba.

Ranar suna ki je. Ki je da wuri, ki kama tuƙin tuwo, ki ɗauki jinjirin ki yi masa addu'a da sunansa. In hawaye ya zo, ki shiga ɗaki ki yi, ki wanke fuska ki fito. Wannan ba munafunci ba ne, biyayya ce ga Romawa 12:15 da ta ce mu yi murna da masu murna, mu yi kuka da masu kuka, kuma sau da yawa ƙafa ke riga zuciya isa.

Ayar nan kuwa rabi biyu gare ta, mu a coci mun riƙe na murna mun yar da na kuka. Muna ba mai sabuwar mota da mai tagwaye makirufo, gwauruwar da ta wuce wata guda ba ta ci bashi ba kuwa ba mai kiranta gaba. Zan kai wannan magana gaban Fasto da dattawa a zamansu na gaba. Ke kuma, in kin ga dama, ki same ni bayan sujada, ba sai kin ce ke ce mai takardar ba.

Taki cikin Almasihu,
Uwarku a Zumunta