Wasiƙa Daga Sebiya Kan Koyon Jitar Filamenko

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iske ni tare da hoton jitar da ka saya, kuma sai da na murmusa da na ga kana tambayar wata nawa za ka yi kafin yatsunka su kama gudun na Paco de Lucía, shahararren makaɗin jitar filamenko, wato kiɗan gargajiyar kudancin Sifaniya. Mutumin nan, wanda aka haifa a Alhesiras a 1947, tun yana ƙaramin yaro mahaifinsa yake zaunar da shi da jita sa'o'i masu yawa kullum, kuma bai ajiye ta ba har ya rasu a 2014. Ni da kai da gemunmu muka fara, don haka bari in faɗa maka abin da na tsinta a wata 14 da na yi ina koyo a nan birnin Sebiya da ke kudancin Sifaniya, ƙasar da muka sani a littattafan tarihi da sunan Andalus.

Ranar da na fara zuwa wurin malamina, wani dattijo a unguwar Triana da ke tsallaken kogi, na zauna na kaɗa masa duk abin da na kwaso daga bidiyon intanet, ina jin kaina. Ya saurara har na gama, sannan ya karɓi jitar ya jingine ta da bango, ya jawo teburi tsakaninmu ya ce in ƙwanƙwasa da bayan yatsu. Mako biyu cur muna dukan teburi, ina biyan kuɗi, raina yana sosuwa. Abin da yake cusa mini shi ne kompas, wato zagayen bugun da kowane salon filamenko yake tafiya a kansa. A salon soleya bugu 12 ne, kuma nauyin yana sauka a kan na 3, da na 6, da na 8, da na 10, da na 12, ka ga ke nan uku-uku sau biyu, sannan biyu-biyu sau uku. Ana rufe jimlar kiɗa a kan na 10, sauran biyun kuma numfashi ne kafin a sake zagayowa. Salon buleriya ma bugu 12 ne, sai dai yana da sauri ƙwarai, kuma daga bugu na 12 ake fara ƙirga shi, abin da har yau yake jefa ni rami. A nan, makaɗin da ya kuskure sauti ana yi masa uzuri, amma wanda ya fita daga kompas ya kunyata mawaƙi da mai rawa gaba ɗaya, domin jitar asalinta rakiya take yi musu. Kai da ka tashi kana jin kalangu a gidan biki, kunnenka ba zai sha wahalar da nake gani wasu Turawa suna sha ba, sai dai ka riƙa tafa wannan ƙirga kullum, da na'urar ƙirga bugu ta cikin waya, a hankali, har ta zauna maka ba tare da ka motsa leɓe ba.

Game da hannun dama, wanda shi ne kusan dukan sirrin wannan kiɗa, ka fara da rasgeyado. Za ka dunƙule yatsu cikin tafin hannu, ka ɗora babban yatsa a kan tsirkiya mafi kauri, sannan ka riƙa harbo su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙaramin yatsa zuwa manuni, bayan farce yana share tsirkiyoyin. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne sakin su gaba ɗaya kamar mai yarfe ruwa, alhali ana so a ji bugun kowane yatsa daban. Akwai kuma golpe, dukan fuskar jitar da yatsan zobe, wanda saboda shi ne ake manna wa jitar filamenko wani siririn faranti na roba, in ba haka ba farce ya cinye katakon. Pikado, wato gudun manuni da yatsan tsakiya da ya ɗauke maka hankali, ka bar shi sai can gaba.

Na lura a hoton cewa tsirkiyoyinka na ƙarfe ne, kuma waɗannan za su cinye maka farce cikin kwanaki kaɗan, don haka ka nemi jita mai tsirkiyar nailan in da hali. Farce babbar magana ce a wurin mutanen nan. Watan jiya farcena na manuni ya tsage a wurin aiki, malam ya ɗauko ƙwallon tebur zai yanko ɗan ɓallinta ya liƙa mini da gam, kamar yadda makaɗa da yawa suke yi. Na yi masa godiya na ƙi, domin ruwan alwala ba zai taɓa farcen ba, na haƙura da babban yatsa kaɗai har ya tsiro. Wannan larura ce ma ta gyara mini aikin babban yatsan.

Ka kuma tambaya ko dole ne ka iya karanta rubutun kiɗa. Malamina bai iya ba, da kunne da ido ya koya kamar yawancin magabatansa, amma ni na ga amfanin sanin ɗan abin da ke ƙarƙashin sautin. Kowace gaɓa a wuyan jita rabin taki ce, wato tazara mafi ƙanƙanta tsakanin sauti da na kusa da shi, kuma idan ka hau 12 sautin farko yake dawowa da siririyar murya. Ɗauki awo ka gwada, za ka tarar ƙarfen gaɓa ta 12 yana daidai tsakiyar tsirkiya. Sautuka bakwai na asali a nan Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si ake kiran su, a darussan Ingilishi kuma C, D, E, F, G, A, B. Wasu waƙoƙin da muke ji a rediyo a kan Do ko La suke sauka, amma soleya gidanta Mi ne, kuma da yake rabin taki kawai ke tsakanin Mi da Fa, wannan matsatsin shi ne yake ba kiɗan ɗacin da ka ce yana tsuma ka. Gwada haɗin sauti huɗu a jere, La menor (A minor a darussan Ingilishi), Sol, Fa, sannan Mi, ka ɗan daɗe kana kai da komo tsakanin Fa da Mi, za ka ji yadda kunne yake ƙagara a sauka. Da waɗannan huɗun da ƙirgar 12 kana da aikin wata uku a hannu.

Hunturu ya kusa shigowa wajenku, kuma bushewar iska tana tsaga katakon jita, saboda haka ka riƙa ajiye ta cikin jakarta tare da ɗan soso mai laima a cikin leda mai huji. Idan ka yi mako biyu kana tafa soleya, ka ɗauki sautin ka turo mini in kunna wa malam, amma ka shirya, domin ba ya sakaya magana.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara, da duk mutanen majalisa.

Wassalam,
Naka amini